Ranar da Kwazazzabonmu Ya Ɓace

Ko tsufa ya taɓa mini hankali, ba na jin zan manta da ranar da na ɗauko ɗan jarida tun daga Tambuwal don ya ga kwazazzabon garinmu, muka zo muka tarar babu shi.

Garinmu yana kan hanyar Kebbe, kuma ramin nan ya raba mu da duniya. Da damina ta sauka, ko mai naƙuda sai an zagaya da ita ta daji a amalanke. Ni ne sakataren ƙungiyar matasa a lokacin, ga ni da rawar kai, sai na ce mu kira gayyar cike shi, 'yan talabijin su ɗauke mu muna fama, ko gwamnati ta ji kunya ta yi mana gada. Na yi zarya har na gaji kafin wani wakilinsu ya yarda zai zo ranar Asabar. Na sa mai shela ya zaga gari ya faɗa, ni kuma na tare a Tambuwal kwana biyu ina gadin mutumin kada ya zille.

Muna tafe a babur ina ta zuba masa labarin zurfin ramin. Muka iso gindin tsamiyar da ke bakinsa, sai ga hanya sumul. Na tsaya, na koma baya, na sake dawowa. Wallahi har na fara tunanin ko ɓata na yi, a garin da aka binne cibiyata.

"Malam, ina ramin?" in ji shi.

Na sauka daga babur ina dube-dube. Can sai ga mai gari da dattawa sun fito tarbarmu, kowa baki har kunne.

Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, mi af faru da hanyag ga?"

Ya ce, "Jiya munka cike shi, ɗana. Ba kai kac ce baƙo na zuwa ɗaukar hoto ba? Shi zo shi iske mu da wanga abin kunya, duniya ta gani?"

Baƙo ya ci tuwo, ya ɗauki hoton hanya, aka nuna mu ana yabon taimakon kai da kai. Ruwan farko ya kwashe ƙasar da aka zuba kaf. Mutanen da aka ce sun gyara hanyarsu, wa zai yi musu gada?

Na daɗe ina jin haushin dattawan nan, sai daga baya na gane laifina ne. Na sa an faɗa musu rana da wuri, ban zauna na faɗa musu dalili ba. Tun daga nan ban sake kai magana waje ba sai na tabbata mutanen gida sun fahimce ta.