Hankakin da Baba Ya Zana

A kakar shekarar da aka sallamo sojan yaƙin Turawa, wata safiyar kasuwar Bangi, na fito da ƙwaryar dusa zan kai wa awaki, sai na iske babana tsugune bayan rumbu. Ya watsa tsaba a ƙasa, hankaki sun kewaye shi. Bai kore su ba. Kallonsu yake kamar mai sayen doki, duk inda suka karkata kai shi ma ya karkata nasa. Ban wuce shekara tara ba a lokacin, shi kuwa bai daɗe da dawowa ba, bayan ya tafi tun ina tatata.

Kafin a ɗauke shi soja magini ne, amma da ya dawo bai koma gini ba. Ɗakin marigayi kakana ya share, ya yaɓe bangon ciki da laka da kashin shanu, ya goge da dutse har ya yi santsi, ya shafe da farar ƙasa. Jar ƙasa daga gindin tsauni yake ɗebo ta, shuni wajen marina, baƙi kuwa gindin tukwanen innata yake kankarewa ya dama da ƙaro. Kowane launi da sakainarsa. Alkalaminsa ɗan icce ne da ya tattauna bakinsa kamar asuwaki, sai gashin jelar akuya don ƙananan wurare.

In na gama surfe da ɗibar ruwa, ƙawayena na kirana carafke a gindin kurna, ni kuwa bakin ƙofar nan nake zama. Mutane yake zanawa, maza tsaye, tsawonsu kamar na gaske. Daga ƙafa yake farawa ya hau sama, fuska ce ta ƙarshe, kuma takan ci masa kwanaki yana gogewa da tsumma yana sakewa. Sai ya gama mutum sannan ya sa masa hankakansa, wani a kafaɗa, wani a gefen ƙafa. Farin ƙirjin tsuntsun ba ya shafa masa kome, bangon yake bari.

Magana ta yi yawa a gari, har ƙawayena suka daina shigowa gidanmu. Limami ya zo ya ce siffar mai rai ba abin ajiyewa ba ce a gidan Musulmi, Baba ya saurara kansa a ƙasa, bai musa ba, bai kuma daina ba. Kaka, mahaifiyarsa, ta fi kowa damuwa. "Wanga ba aikin mai hankali ba na," in ji ta. Ta rantse da an gama ɗaurin gero za ta sa a yaɓe bangon, a nemo masa magani.

Ana cikin haka wata tsohuwa ta zo a ƙasa tun daga Tabotaki, ƙafafunta duk faso. Ko ruwan da na kawo mata ba ta sha ba, ta dubi Baba ta ce, "An ce tare kuka tahi da ɗana Idi. Ina ka baro shi?"

Ya ce, "Inna, shigo ciki."

Muka bi su, ni da Kaka. Tsohuwar ta bi bango da ido, ta wuce mutum, ta wuce wani, sai ta tsaya gaban wani dogo mai saukakkiyar kafaɗa ɗaya. Ba wanda ya nuna mata. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, ta daɗe haka.

"Hankakan ga hwa?" ta tambaya.

Baba ya ce, "Na can ƙasar baƙaƙe na ƙirin, Inna. Su na gani bisa kansa ranar da ya faɗi. Ban so in bar shi da baƙi ba, shi ya sa na sa mashi namu na gida."

Ranar na fara jin ya yi zancen yaƙin. Tsohuwar ta kwana uku gidanmu, kullum da hantsi tana zaune a ɗakin da tasbaharta. Da za ta tafi Kaka ta ƙulla mata gero, ta raka ta har bayan gari. Aka gama ɗaurin gero, ba a ko kwaɓa laka ba. Daga baya wasu suka riƙa zuwa daga Urno da ƙauyukan Keita, wani ya sami nasa a bango, wani ya koma bai samu ba.

Ɗakin ya faɗi a wata damina mai ruwa, bayan rasuwar Baba. Yanzu jikokina na ɗaukar hoto da salula, su goge wanda bai yi musu ba kafin in gama gyara kallabina, har na kasa gane wanda za su ajiye. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga fuskokin nan, ni kuwa ban iya zane ba.