Kalmar da Ilu Ya Kawo Daga Jos

Bana shekara hamsin ke nan da ƙasa ta rufe abokina Ilu, mai haƙar rijiya, a wani ƙauye na ƙasar Dogo-Dogo. Lokacin ni ne mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, a garin.

Ilu ya yi shekaru yana aikin kuza a Jos. Ban da tari, abin da ya dawo da shi wata kalmar Ingilishi ce, burrow. Ni mai taƙama da Faransanci a bakinsa na fara jin ta. Na tambaye shi ko haƙa take nufi.

Ya ce, "A'a, Mushe. Mai rijiya in ya ɗaga kai yana ganin sama. Wannan aikin gafiya ne da kurege: ka kutsa gefe, ƙasa a kanka. Ramin ma haka suke kiransa. In Bature ya ce kana yin ta, to ya daina ganinka mutum."

Ya rantse shi da irin wannan haƙa har abada.

Sai fari ya zo. Rijiyarmu ta ƙafe, shanu suka fara faɗuwa a bakinta. Ilu ya sauka, ya fito ya ce ƙasanta dutse ne, amma akwai danshi ta gefen gabas. Dattawa suka zuba masa ido. Ba wanda ya ce shiga, ba wanda ya ce kada ka shiga. Ni ma ban ce ba.

Ilu ya koma ciki, kwana uku yana kutsawa gefen gabas yana turo jiƙaƙƙen rairayi a guga. Ran na huɗu da hantsi muka ji ƙasa ta yi nishi a ƙarƙashin ƙafafunmu. Muka ja igiya, ta ƙi motsi. Sai da muka yi kwana biyu muna tono kafin muka kai gare shi.

Yau samarinmu, daga Magaria har Dungass, suna tafiya arewa neman zinariya, suna kutsawa ramukan da ko iska ba ta shiga. Jikan Ilu na cikinsu, wata huɗu ba a ji muryarsa ba. Da Ilu na raye, zai hana shi? Ina shakka. Ya fi kowa sanin abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Rijiyar an daɗe da cike ta, gero ake shukawa a wurin. Abin da ya rage na Ilu shi ne 'yarsa Hadiza. Idonta ya yi rauni, kullum da safe takan kawo mini salularta in buga mata lambar ɗanta. Yau ma na buga, ba ta shiga ba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ilu.