Ya Sallami Uwarsa Kuwa?

Jiya jikata ta tono wani littafin Faransanci da gara ta cinye rabinsa, sai na tuna kawuna. Farkon mulkin kai, ni shehin malami mai aji huɗu na lakwal, wato makarantar boko, nake fassara masa shi a zaurensa na Sabon Gari, yana ɓantarar goro. Labarin wani ne da ya bar gida neman ma'anar rayuwa. Ni ma na ɗaure kayana a ɓoye, zan gudu Abijan.

Kawu ya ce, “Mushe,” yadda ake kiran malaman lakwal, “ya sallami uwarsa kuwa?”

Na juya shafuka, babu.

“To, wannan ɓata ya yi.”

Washegari na taka har Tibiri, na durƙusa gaban inna, da albarkarta na tafi. Littafin nan bai taɓa samun mai fahimta kamar kawu ba. Allah ya sanyaya makwancinsa.