Takardar Ilu da Muka Ɗinke Cikin Fata

Da kakar bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Ilu, kuma har yau in na tuna, haushi ke riga kuka zuwa. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Amma akwai abin da muka yi da hannunmu, shi nake so ku ji.

Tun yana saurayi zuciyar Ilu kan tashi da gudu, ya zauna ya dafe ƙirji, can ta lafa ya koma noma. Da abin ya yi yawa na raka shi babbar likita, wato asibiti, a Damagaram. Ban yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma abin da kunnena ya ji ba ya zubewa. Likitan ya ce zuciya da wata irin wuta take aiki, ta hanya guda, to shi Ilu an haife shi da ɓarauniyar hanya ta biyu. Akwai magungunan rage gudun zuciya masu kyau ga wasu, amma shi in ya sha sai su tare babbar hanyar, wutar ta kwarara ta ɓarauniyar, zuciya ta rikice. Ya jera sunayensu da Faransanci, ya ce, "Takardar nan kada ta rabu da jikinka."

Mun ji, mun kuma bi, irin bin namu. Inna ta ce takarda a aljihun manomi zufa za ta cinye ta. Ranar kasuwar Belbeji muka kai wa baduku, ya naɗe ta ya ɗinke cikin jar fata kamar laya. Ni ce ma na ce ya ninka ɗinkin. Ilu ya rataya yana dariya: "Yaya, yau ga ni da layar likita."

Ana yankan hatsi a gonarmu ta wajen Tarka, da hantsi, abin ya taso masa ya ƙi lafawa. Ni na kai musu fura, ina tsaye. Baffa Idi, ƙanen mahaifinmu, wanda ya daɗe yana shan maganin zuciya, ya laluba aljihu ya ciro kwali, ya ɓallo ƙwaya biyu. "Sha, ɗana, ciwonmu ɗaya. Ni da na haɗiya take kwanciya."

Na buɗe baki, na rufe. Yaya zan ce wa baffana a'a gaban maza? Kuma ga laya a wuyansa, sai na ji kamar ita ce tsarin. Ilu ya haɗiye. Kafin amalanke ta kai mu likita jikinsa ya saki. Majo, ma'aikacin jinyar wurin, ya tambayi takarda, na nuna wuya. Ya sa almakashi ya farke, ya karanta, ya dubi kwalin Baffa. Sunan ƙwayar yana nan cikin jerin.

Da Ilu zai leƙo yau, zai ga waya a hannun kowa, har mai kiwo. Zai kuma ga magani na shan rana a kan faranti cikin kasuwa, mai tallar bai san ko harafi ba. Zai ga mata a gidan suna suna miƙa wa juna ƙwayar tansiyo, ta hawan jini, kamar goro. Shekara bakwai, me muka koya? Satin da ya wuce wata maƙwabciyata ta miƙa wa matar ɗanta irin wannan, wai zuciyarta na bugawa. Na fizge daga hannunta. Ta ce, "Ke Hadiza, ba ki da kunya?" Na ce ina da ita, har na ga abin da ta yi mini a gona.

Ba na fushi da Baffa, ƙauna ce ta sa ya miƙa, kuma bai ƙara dariya mai sauti ba har ya bi shi. Da al'adar nake fushi, da kuma bakina.

Gonar Ilu ƴaƴansa na noma, rigunansa an rabar. Abin da ya rage mini takardar ce, duk hujin basilla a gefenta. Tana cikin farar leda yanzu, a buɗe, inda kowa zai iya karantawa.