Kwanan Shitu a Ɗaki na Huɗu

Ina bakin madatsar ruwa ina jera kifi a kwando, da hantsin wata Laraba, wayata ta yi ƙara. Rumasa'u ce, babbar 'yar aminina Shitu. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, ta ce, "Baba Yusha'u, Baffa ya cika ɗazu bayan asuba." Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na zauna a kan yashi da kifi a hannuna. Masunta suka kewaye ni suna tambaya. Shekara talatin da ɗoriya muna tare da mutumin nan.

Shitu ɗan Fulatan ne, wani gari a ƙasar Rogo. Ya tashi a bayan shanun mahaifinsa, da shanun suka ƙare ya koma noma gero da gyaɗa. Fulatanci da Hausa duk a bakinsa suke. Ni yana kirana Kaɗo, ni kuma ina kiransa Ɗan Fillo, har muka yi furfura ba mu daina ba. Girki kuwa wajen mahaifiyarsa ya koya, lokacin da ta yi doguwar jinya ba wata mace a gidan. Abin da kowa ya san shi da shi shi ne tambaya. In ya ga sabon abu, ba ya samun sukuni sai ya ji dalilinsa. Ya taɓa tsayar da mai gyaran rediyo tun azahar har la'asar don ya gane ta inda maganar take shiga.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, wani Alhaji Abdulmutalib da ya yi ritaya daga aikin gwamnati ya gina masauki a kan wani dutse tsakanin Karaye da Rogo. Ɗakuna shida ne zagayayyu na ƙasa, da jinkar ciyawa, kowanne da ɗan dandamali a ƙofarsa. Ya ɗauki Shitu ya riƙa dafa wa baƙi abinci, ni kuma nake hawa da kifi a babur duk Juma'a da Asabar. Ranar da muka fara ganin wurin, Shitu ya ja ni gefe ya ce, "Kaɗo, Alhajin nan lafiyarsa ƙalau kuwa? Mu muna ta fafutukar rabuwa da ciyawa mu sa kwano, shi ya zo ya jera bukkoki. Wa zai baro Kano ya kwana a nan?"

Sai ga baƙi sun zo, mota biyu, malaman makaranta ne daga birni. Alhaji ba ya nan, kunya ta kama Shitu. Ya kwashe akusa da ƙorai da ludaya ya ɓoye a bayan rumbu, ya aro farantan tangaran a gari. Ya ɗaura tsofaffin zannuwan gado a ƙarƙashin jinka don kada baƙi su ga ciyawa. Ya dafa musu taliya da miyar tumatir, ya jera lemon kwalba, ya ajiye, ya fita. A wurinmu ai ba a tsayawa a kan baƙo yana cin abinci. Da aka dawo da farantai, kusan yadda ya kai su haka suka dawo.

Yana zaune a madafa cikin damuwa, yana cin nasa tuwon dawa da miyar kuka da man shanu, sai wata daga cikin baƙin, Hajiya Sadiya, ta yi sallama ta leƙo. Ta ce, "Malam, ƙanshin me nake ji tun ɗazu?"

Ya rufe akushin da faifai. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wannan namu ne, ba na baƙi ba ne."

Ta ce, "To mu laifin me muka yi aka ba mu taliya? Taliyar da na baro a gida?"

Ta jawo kujera 'yar tsugunno, ta sa aka zubo mata. Kafin a jima duk sun taru a madafar, har ƙanzo ba su bari ba. Suka kuma roƙe shi ya cire musu zannuwan nan, wai jinkar suke son gani.

Daga ranar tambayar ta shige shi, ba ta ƙara fita ba: me mutanen nan suke zuwa nema? Abincinsa ya yi suna, dambu da zogale, fate, farfesun kifi, furar da matarsa take damawa da kindirmo. Amma wannan bai gamsar da shi ba. Yakan ce, "Tuwo ai akwai shi a Kano. Ba tuwo ne yake hawo da mutum kan dutse ba." Duk baƙon da ya sake da shi sai ya tambaye shi. Wani ya ce iska. Wani ya ce shiru. Shitu ya zo ya same ni yana dariya, ya ce, "Wai shiru, Kaɗo! A Fulatan shiru har ya yi mana yawa, da sun yi magana da na ɗebo musu a buhu." Tun da ba ya iya tsayawa ya kalle su suna ci, sai ya koma nazarin akusan da suke dawowa. Ya san wanda ya zo da damuwa daga yadda ya gutsuri tuwo ta gefe ɗaya ya bari. Ya san ma'auratan da suka shirya daga yadda akushi biyu ya koma ɗaya. Amma amsar da yake nema ba ta cikin akushi.

A daminar bana ƙafafunsa suka fara kumbura, numfashi yana yi masa wuya in ya hau dutsen. Likita ya ce zuciya ce, ya bar tsayuwa a gaban wuta. Alhaji ya samo wata mata, Tani, ta karɓi madafa, aka sa ranar Asabar Rumasa'u za ta zo ta mayar da shi gida. Ranar Alhamis ya kira ni a waya. Ya ce, "Jibi zan sauka, kuma na san ba zan ƙara hawa ba sai an ɗauko ni. Shekara goma sha biyu, ban taɓa kwana a ɗakunan nan ba. In na tafi haka, da tambayata zan tafi."

Ni na je na gaya wa Alhaji. Ya ce a ba Shitu ɗaki na huɗu, wanda ya fi kowanne kallon fili, amma da sharaɗi: kada ya taka madafa, kada ya taɓa tsintsiya.

Ranar Juma'a bayan la'asar Shitu ya sa farar rigarsa ta sallah, ya zagaya ta bakin ƙofa kamar yadda baƙi suke shigowa, ya yi sallama. Na amsa, na ce, "Maraba da baƙo. Daga ina?"

Ya ce, "Daga bayan rumbun can."

"An sha hanya. Ya gajiya?"

"Kaɗo, ka bar iskancin nan ka nuna min ɗakina."

Zaman baƙunta ya fi ƙarfinsa da farko. Ya ga kara a tsakar wuri ya sunkuya zai ɗauke, na buge hannunsa. Ya jiyo ƙanshin miyar Tani, ya ɗaga hanci ya ce ta yi saurin zuba daddawa, ya miƙe. Na tare hanya. Ya ce, "Magana ɗaya zan gaya mata." Na ce, "Baƙo ba ya shiga madafa." Ya ce, "Hajiya Sadiya ta shiga." Na ce, "Ita ba a yi mata sharaɗi ba."

Na kawo masa tuwo da farfesun kifin da na zaɓo da hannuna, na ajiye a kan dandamali. Ya ce in zauna mu ci. Na ƙi, duk da raina yana so. Na koma bayan zana na tsaya, na yi abin da ba a yi: na leƙa. Ya yi loma biyu, sai hannunsa ya tsaya a cikin akushi. Ya ɗaga kai yana kallon ƙasa, inda gonaki suka shimfiɗu kore shar har bakin ruwa, ga shanu can nesa ƙanana kamar awaki. Madafarsa bayan dutse take kallo, duk shekarun nan bayansa yake ba wannan filin. Ya daɗe a haka har tuwon ya huce. Ban kira shi ba sai da aka yi kiran magariba.

Washegari da hantsi na same shi a wurin dai, da ƙwaryar koko a gabansa. Rumasa'u ta iso, tana ɗaure kayansa a mota. Na zauna kusa da shi na ce, "To, Ɗan Fillo, ka gano?"

Ya nuna min wata gona a gindin dutsen. Ya ce, "Ka ga waccan? Ciyawa ta cinye gyaɗar, mai ita bai yi maimai ba. Tun ina yaro ban taɓa kallon gona ban ga aikin da ke cikinta ba. Jiya na kalli wannan, na kalle ta, ban ji bayana ya yi ciwo ba. Kyau kawai ta yi min."

Na ce, "Shi ke nan abin da suke zuwa nema?"

Ya ce, "Rabi ke nan, ina jin. Yanzu ko'ina kore ne, kowa ma zai so shi. Ina so in ga ko bayan girbi, in an kwashe komai sai kara, zai ƙara yi min haka."

Muka riƙe shi ni da Rumasa'u har mota. Sati biyar ya yi a Fulatan. Na yi ta cewa gobe zan je, kifi yana hana ni, har ranar Larabar nan ta zo. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Maganarmu ta ƙarshe ita ce wadda muka yi a bakin motar. Ya sauke gilashi ya ce, "Ka gaya wa Alhaji ya ajiye min ɗaki na huɗu da kaka."

Na ce, "In sha Allahu. Ni zan goyo ka har sama."

Ya ce, "Kai da ƙafafun nan naka? Ka dai zo da kifi, Kaɗo. Kuma wannan karon tare za mu ci."