Gindin Katangar Gidanmu

Ranar Talata ta biyu bayan Ƙaramar Sallah, da ƙarfe tara da kwata na safe, ina zaune a wani shagon kayan lantarki a bakin kasuwar Azare, tare da ɗan ƙanena da mai shagon. A kan tebur akwai kyamarori biyu na ɗaukar bidiyo a cikin ruwa, waɗanda na sa aka kawo daga Kano bisa sharaɗin zan ɗauki ɗaya in mayar da ɗaya.

Gidan mahaifinmu yana Katagum, a gaɓar kogi, kuma yayata ce a ciki, ta haura shekara tamanin. Abin da ya raba gidan da ruwa katanga ce ta dutse da siminti, wadda ni na tsaya aka gina ta tun ina aikin safiyo. Bayan ambaliyar bara sai magana ta yaɗu cewa ruwa ya cinye gindinta. 'Ya'yan yayata suka ce a dawo da ita Azare kafin damina, ita kuma ta ce ɗakin da aka haife ta nan za a yi mata wankan ƙarshe. Aka bar mini hukunci, domin ni ne babban namiji da ya rage. Gindin katangar kuwa yana cikin gurbi mai zurfin gaba uku, wanda ba ya ƙafewa ko da bazara.

Ɗan ƙanena mutum ne mai shekara arba'in, nutso ne sana'arsa a wata tashar jiragen ruwa ta kudu, kuma na roƙe shi ya taho hutun Sallah da tukunyar iskarsa. Ya ce zai sauka ya lalube katangar da hannu ya ba ni labari. Na ƙi. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba, amma a makarantar mishan da na yi ba a karɓar “an ce” a matsayin amsa, kuma ba zan tayar da tsohuwa daga gidanta, ko in bar ta a ciki, a kan abin da idona bai gani ba.

Mai shagon ya fi son in ɗauki babbar. Ya karanta mini lambobin da ke jikin kwalinta, ya ce tana jure zurfin da ko a teku sai an nema. Ɗan ƙanena ya ce ƙaramar ta fi, saboda maɓallanta manya ne, yatsa a cikin ruwa kuwa ba ya da wayo, sannan ana iya ɗaura mata tocila. Ban bi ɗayansu ba. Na sa aka cire kowacce daga gidanta na roba, aka cusa busasshiyar takarda a ciki, aka rufe, aka danne su da dutse a cikin duron ruwan famfo na awa guda cur. Takardun biyu suka fito a bushe. Daga nan na nutsa rula a ruwan, na ce a ɗauke ta daga nisan taƙi ɗaya, domin tsagar siminti daga kusa ake ganinta. Babbar ta nuna rular kamar ana kallonta ta cikin hawaye. Ƙaramar ta nuna kowane layi.

“Alhaji,” in ji mai shagon, “ko mai sayen sa a kara ba ya duba haƙori haka.”

Na ce masa mai sayen sa yankawa zai yi. Na ɗauki ƙaramar.

Na yanke cewa za a sauka ranar Alhamis da ƙarfe goma daidai, lokacin da rana ta ɗaga sosai, domin a lissafina haske shi ne komai. Goma na bugawa ɗan ƙanena ya saɓa tukunya a baya, ya rufe fuska da gilashi, ya shige. Ya yi minti ashirin. Da ya fito muka shiga zaure muka kunna abin da ya ɗauko. Babu komai sai ruwan ƙasa-ƙasa mai kauri kamar kunun kanwa, da hasken tocila yana yawo a ciki. Sau ɗaya na ga wani abu kamar dutse, ashe hannunsa ne.

Na tabbata na yi kuskuren zaɓi, na gwada kyamara a ruwan famfo alhali a kogi za ta yi aiki. Hutun ɗan ƙanena saura kwana biyu. Yayata ta leƙo, ta dubi hoton, ta tambaye ni ko wannan ne ilimin bokon da aka hana ni kiwon awaki dominsa.

Akwai wani tsohon masunci da ke gyaran komarsa a gaɓa kusa da katangar tun safe, yana kallonmu. Da muka fito daga zaure, shi ya tambayi wa ya zaɓa mana wannan lokaci. Na ce ni ne.

“Malam, ai da hantsi shanu ke tsallakawa ta mashigin sama,” in ji shi. “Garke uku, wani lokaci huɗu. Duk lakar da suka tayar nan take sauka, ba ta kwantawa sai ta kwana. Ku zo bayan asuba, kafin su fito daga ruga.”

An haife ni a bakin kogin nan, na auna gaɓarsa da tef fiye da sau goma, amma ban taɓa lura da wannan ba. Na yi masa godiya kamar yadda ya kamata, ko da yake maganar ta yi mini nauyin fita.

Ranar Juma'a da ƙarfe bakwai saura kwata aka sake sauka. Wannan karon ruwan kore-kore ne, kuma a bidiyon duwatsun suka bayyana jeri bayan jeri. Na ƙirga su har ƙasa, sha huɗu, kamar yadda na bar su. Ɗan ƙanena ya bi gindin daga wannan kusurwa zuwa waccan a hankali, yana ɗora rula a duk inda na umarce shi. A kusurwar gabas dutse ɗaya ya fita, wata tarwaɗa ta mayar da ramin gida, ta leƙo ta koma. Harsashin yana zaune daram a kan ƙasa mai tauri, babu kogo a ƙarƙashinsa. Na kalli bidiyon sau uku kafin in yarda in sha ruwa.

An toshe ramin da buhunan siminti kafin ruwan farko. Damina ta zo ta wuce, katangar ba ta motsa ba, yayata kuma tana nan a ɗakinta.