Matar da Ba Ta Cin Kifi

A unguwarmu ta Bagudo kowa ya san matar da ba ta cin kifi, domin ita kaɗai ce. A ƙasar da ake yaye yaro da romon kifi, wanda ya ce ba ya ci kallonsa ake yi kamar mai yatsa shida. In ana biki sai a ɗibar mata miya tun kafin a zuba kifin, ana ɗiba ana mita. Amsarta ɗaya ce kullum: jininta ba ya shiri da shi, ƙaiƙayi yake sa ta. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma shekara goma sha shida ba ni da ƙawar da ta kai ta.

Daga tsallaken iyaka aka auro ta, daga wani ƙauyen Dendawa a ƙasar Benin. Ta zo da Hausarta 'yar kaɗan, a bakina ta ƙarasa koyo. Ni kuwa har yau ban iya komai a yarensu ba sai gaisuwa da zagi biyu. Sana'arta gumar shinkafa. Ta sayo shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ranar kasuwar Lolo, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya, ta shanya, sannan a kai inji. Ni malamar firamare ce. In na taso daga makaranta na yi sallar azahar, sai in zagaya gidanta da littafin soyayya a hannu, tana juya shinkafa a kan tabarmar shanya ina karanta mata, don ba ta yi boko ba.

Ba ta da tausayin matan cikin littafi ko kaɗan. In na kai inda budurwa ta kulle kanta a ɗaki tana kuka saboda saurayi bai kira ta ba, sai ta tsaya da aikin ta ce, "Ƙawa, waɗanga mata ba su da aiki na? Wa ka yi musu tuwo?" Amma in na rufe littafin don in tsokane ta, sai ta jefo ni da ƙwayar shinkafa ta ce in ci gaba. Labari ɗaya ta taɓa hana ni ƙarasawa, wanda aka haifi jariri aka ajiye a ƙofar masallaci. Ta ce kanta na ciwo. Ban kawo komai a raina ba.

A cikina na uku na haifi ɗa namiji ba rai. Mata suka yi ta zuwa suna cewa Allah ya sa mai ceto ne, ina amsawa da amin, raina kuwa kamar in kore su da muciya. Ranar kwana biyar, da hantsi, bayan an watse, ƙawata ta shigo da kunu ta zauna a bakin gadona. Ba ta yi mini ta'aziyya ba. Ta ce, "Ke kin ga naki. An yi mai wanka, kin san inda anka sa shi. In gaya miki wani abu, amma ki bar shi cikin ɗakin ga."

Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta so wani saurayi a ƙauyensu, mai ɗaukar kaya a babur yana ƙetare iyaka. Ta ce in ya tsaya a ƙofar gidansu ko ruwa ba ta iya haɗiyewa. Ya yi mata alkawarin aure, ya tafi kudu neman kuɗin sadaki, bai dawo ba, ya bar ta da ciki. Mahaifiyarta ta ɓoye ta a wurin wata goggonta a bakin kogi har ta haihu, namiji. Da yaron ya yi wata huɗu aka shirya a kai shi wurin wasu dangi a ɗaya gaɓar su rene shi. Lokacin ruwa ya cika. Jirgin da suka shiga ya kife a tsakiya. Masunta suka ciro ta da goggon, amma majanyin da ta goya yaron da shi ya kwance a cikin ruwa. An yi kwana uku ana nema ba a gan shi ba.

"Babu ƙaiƙayin komi," ta ce. "Kihin kogin ga na ban iya sawa baki. Ban san mi yac ci ba."

Daga baya mahaifiyarta da goggon duk sun rasu. Mijinta bai sani ba, danginsa ba su sani ba, kuma mutane ne masu ji da asali, waɗanda in sun ji ko kwana ɗaya ba za ta ƙara a gidan ba, ga 'ya'yanta mata uku. Ni kaɗai ce a ƙasar nan na sani. Ta ba ni wannan ne don in ji sauƙin nawa, kuma na ji. Ranar na fara cin abinci.

Bayan shekara huɗu na shiga rubutu. Lokacin littattafai sun koma cikin waya, mata suna rubutawa shafi-shafi suna turawa a zaurukan mata, masu karatu suna yabo ko zagi nan take. Na ce ni ma ai ba a fi ni iya Hausa ba. Na rubuta labarai biyu a kan 'ya'yan masu kuɗin Kano, gidajen bene da motoci, ni da ban taɓa kwana a Kano ba. Ba wanda ya kula. Wata ma ta rubuto cewa labarina kamar shayi ba sukari. Abin ya ci mini rai fiye da yadda ya kamata ya ci wa mace mai hankali. Na zauna ina tunanin me nake da shi wanda waɗancan marubutan ba su da shi, kuma na san amsar tun kafin in gama tambayar kaina.

Na ce wa zuciyata ai zan sauya komai. Na sauya mata suna. Na ɗauke ta daga nan na kai ta birni, na mai da saurayin ɗan kasuwa, mijin kuma ma'aikacin banki. Na ƙara mata haske da tsawo, na ba ta digiri. Har na yi mata abin da na ɗauka alheri ne: a labarina masunta sun tsinci yaron, an yi masa sutura an binne shi a gindin wata tsamiya. Abu ɗaya na bari yadda yake, kifin. Na gwada cire shi na ga labarin ya mutu, don shi ne ransa. Na lallashi kaina da cewa masu karatuna suna Kano da Kaduna da Zariya, inda mace za ta ce ba ta cin kifi a ce to, a ba ta nama.

Labarin ya karɓu. Mata suka riƙa rubuto mini cewa sun yi kuka har sun kasa girki. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na yi sati biyu ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Sunan aro na sa, amma bakina bai iya riƙe abin alfahari ba, duk malaman makarantarmu sun san ni ce, kuma abin da malamai mata suka sani gari ya sani.

Abin da ban lissafa ba shi ne masu karantawa a murya. Akwai matan da sana'arsu ke nan, su ɗauki labari su karanta su naɗa, ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Ta haka yake isa ga waɗanda ba su yi boko ba, wato yawancin matan unguwarmu. Wata rana na kai niƙa inji, ina cikin layi, sai na ji kalmomina suna fitowa daga wayar wata mata a cikin muryar wata baƙuwa. Daidai wurin da matar cikin labarin take ture kwanon kifi tana cewa jininta ba ya shiri da shi. Ko kalmar ban sauya ba. Mai wayar ta dube ni ta ce, "Malama, wagga mata taki awa maƙwabciyarki." Sauran suka yi dariya, amma ba dukansu ba. Biyu sun dubi juna.

Na koma gida na goge labarin daga inda na sa shi, abin da bai hana komai ba, tunda ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in zagaya katangar nan in gaya mata da bakina. Ban yi ba. Kwana tara ina shiga gidanta ina fita, ina taya ta kwashe shanya, ina kallon fuskarta ko ta ji. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba.

Ranar ta goma aka yi suna a Geza, a gidan dangin mijinta. Tare muka tafi, a mota ɗaya, tana ta tsokanata a kan ɗaurin ɗankwalina. Bayan azahar mata sun cika tsakar gida, aka fara fito da abinci. Yayar mijinta ce mai rabo, mace mai magana a hankali wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Wata yarinya ta kunna labarin a waya, ban sani ba ko sa ta aka yi. Aka bar shi yana yi. Na ga ƙawata ta saurara kamar yadda take saurarona, kanta a karkace, har da ɗan murmushin shirin yi wa matar cikin labari ba'a. Aka zo wurin babur. Aka zo wurin jirgi. Murmushin bai bar fuskarta ba, tsayawa kawai ya yi a wurin. Ba ta dube ni ba.

Yayar mijin ta taso da kanta da kwano, ta ajiye a gabanta. Tuwon shinkafa ne da miyar kifi, babban yanki a sama, ɗanyen kamun safiyar ranar.

"Yau mun mance ba mu ɗebe miki taki ba," ta ce. "Ko ke ma awa ta cikin waya ta?"

Tsakar gidan ya yi tsit, sai muryar mai karatun. Ni da na haddasa abin ina zaune, hannuna a cikin nawa kwanon.

Ƙawata ta yi dariya. Ta ce, "Haba Yaya, ƙaiƙayi dai na, kuma na daɗe ban gwada ba. Ƙila ma ya bari." Ta wanke hannu, ta yi bisimilla, ta gutsuri kifin ta kai baki. Ta tauna a hankali ta haɗiye. Ta ƙara. Ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a gefen murfin kwano. Ta ci tsokar, ta ci fatar, ta fasa kan ta tsotse. Tana ci tana hira da ta kusa da ita a kan tsadar shanshera. Da ta gama ta suɗe yatsunta ta ce miyar ta yi daɗi, gishiri ne kawai ya ɗan yi kaɗan. Yayar mijin ta yi dariya ta ce ashe shekara da shekaru wahalar da su kawai ake yi. Aka kashe wayar, aka koma hira.

Can ta tashi ta ɗauki buta ta zaga bayan ɗakuna. Na bi ta. Na same ta a tsaye ta dafa bangon rumbu da hannu biyu, bakinta a rufe gam, maƙogwaronta yana motsi. Na ce, "Ƙawa, ki amayar, ba mai gani."

Ta daɗe kafin ta iya buɗe baki. "Suna ji," ta ce.

Na fara ba ta haƙuri, ina kuka, ina cewa na sauya suna, na sauya gari. Ta bar ni na gama. Sannan ta tambaye ni, da muryar da take tambayata abin da ya faru a shafi na gaba, "Cikin labarin naki, an gane shi?"

Na ce an gan shi, an binne shi a gindin tsamiya.

Ta gyaɗa kai. "Kin kyauta mata," ta ce. Ta wanke bakinta da ruwan butar, ta gyara mayafi, ta koma cikin mutane.

Aurenta bai mutu ba. Maganar ta bi iska kafin wata ya ƙare, har aka riƙa ce mini ai Malama akwai iya ƙirƙira. Babbar 'yarta ta yi aure bara, na je na ba da gudummawa, ta karɓa ta yi godiya. Muna gaisawa ta kan katanga, an tashi lafiya, ya yara. Ba ta ƙara ce mini ƙawa ba, Malama take cewa kamar kowa. Ban ƙara shiga gidanta da littafi ba, ban kuma ƙara rubuta ko shafi ɗaya ba, ko da yake wannan bai rage mata komai ba.

Mijinta mutumin kirki ne, kuma yana son kifi. Shekara da shekaru ya haƙura da shi a gidansa saboda ita. Da ya ji labarin matarsa ta warke, ya yi murna ƙwarai. Shekara uku ke nan, duk ranar kasuwar Lolo sai ya dawo da ɗanyen kifi a rataye a babur. Ita take gyarawa, ita take dafawa, kuma tare suke ci a kwano ɗaya, ga yara suna kallo. Katangarmu gajera ce. Da la'asar nakan ji ƙarar wuƙarta tana kankare ɓawon.